Wa Ke Ciyar da Igwa? Daga Uli Zuwa El Fasher

A majalisarmu ta bayan sallar isha'i, nan kusa da Ƙofar Soro, wani matashi ya miƙo waya yana nuna mana bidiyon wata kasuwa a Sudan bayan an yi mata ruwan wuta. Rumfuna sun kife, kayan miya sun watse, mutane na ta kwasar 'yan'uwansu a baro. Muka yi salati. Sai wani ya yi tambayar da kowa kan yi: ina mutanen nan suke samun manyan makamai haka? Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon soja, da ya yi yaƙin basasar Nijeriya yana saurayi. Har yau akwai ɓarɓashin ƙarfe a cinyarsa da ke tayar masa da ciwo duk lokacin hunturu. Ba ya yawan sa baki a gardamarmu, amma ranar ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, igwa ai bututu ce, ba ita ce abin tambaya ba. Ka tambayi wanda ke kawo mata abinci."

Na daɗe ina juya maganar nan. Da na bi tarihin yaƙe-yaƙen basasa, namu da na wasu, sai na ga Baba ya faɗi abin da tulin rahotanni ke kewayawa. Yaƙin basasa rikicin cikin gida ne ke kunna shi, wannan gaskiya ne. Amma tsawon da zai yi da yawan fararen hular da zai ci, galibi a wata ƙasa ake yanke su, a ofishin da ake sa hannu kan takardar fitar da akwatunan harsashi.

Makamin da nake magana a kansa shi ne wanda sojojinmu ke kira "mota". Ba motar hawa ba ce. A bakin Turawa kalmar turmin daka take nufi, don na farko-farkon gajeru ne masu faɗin baki kamar turmin fura. Ni zan kira ta igwar turmi. Fasalinta na yau ya fito ne a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga hannun wani injiniyan Ingila, Wilfred Stokes, daga baya kamfanin Brandt na Faransa ya ƙara gyara ta. Ba ta da wani sarƙaƙiya: bututu, faifan ƙarfe da ke zaune a ƙasa yana shanye turin harbi, da ƙafafu biyu masu tallafe bututun. A zura harsashi ta baki, ya silale ƙasa, gindinsa ya daki ƙusa, albarushi ya kama, ya tashi. Ba ya tafiya miƙe kamar na bindiga. Sama yake yi, ya yi baka, ya sauko kusan a tsaye. Shi ya sa katanga ba ta kare mutum daga gare shi. Tsakar gida irin tamu, inda mata ke girki yara na wasa, wurin da muka ɗauka ya fi ko'ina aminci, ta sama a buɗe take.

Girmanta da faɗin baki ake aunawa. Mai milimita 60 soja ɗaya ko biyu ke saɓawa. Mai 81 ta ƙasashen Yamma ce, mai 82 ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, harsashinsu kilo uku zuwa huɗu, yana cin kilomita huɗu zuwa biyar. Wadda ake kira babba ita ce mai milimita 120: nauyinta ya haura kilo 200, harsashinta ya kusa kilo 16, tana kaiwa kimanin kilomita bakwai. Idan aka girke ta a wajen Ƙofar Ƙaura, za ta haye tsohon birnin Katsina daga ganuwa zuwa ganuwa har da saura. Akwai ma wadda ta fi wannan, mai milimita 240 ƙirar Sobiyet, harsashinta kilo 130, an ga ɓaraguzansa a unguwannin Homs na Siriya a 2012.

Babban aibinta shi ne makauniya ce. Mai harba ta ba ya ganin abin da yake harbi. A ƙa'idar soja akwai ɗan leƙe a gaba da ke kallon inda harsashi ya faɗi, ya kira ta rediyo ya ce a ƙara ko a rage. Na farko ya wuce, na biyu ya gaza, na uku ko na huɗu ya samu. A fagen daga, na farko da na biyun nan a daji suke faɗawa. A cikin gari kuwa, gidan wani ne. Iska tana karkatar da shi, zafin rana yana canza ƙarfin albarushi, faifan yana nutsewa cikin yashi bayan 'yan harbe-harbe, saiti ya goce. Harsashin mai 120 yana iya kashe wanda ke tsaye a kimanin mita 30 daga inda ya fashe, ɓarɓashinsa kuma yana raunata na nesa da haka sosai. Ka auna mita 30 a lungunan Yarinci ko Gambarawa, ka ƙirga zaure nawa ne, makarantar allo nawa ce.

Duniya ta ga wannan ƙarara a Sarayebo, babban birnin Bosniya. Ranar 5 ga Fabrairu 1994 harsashi ɗaya tak na milimita 120 ya faɗa kasuwar Markale, ya kashe mutum 68. A watan Agusta 1995 aka sake harbin kasuwar, mutum 43 suka rasu. Bayan shekara talatin, ranar 1 ga Fabrairu 2025, luguden igwa ya sauka a kasuwar Sabrin ta Omdurman a Sudan, hukumomin lafiya suka ce ya kashe mutum fiye da 50. An ɗora alhakin a kan dakarun RSF masu yaƙi da sojan Sudan, su kuma suka musanta. Kasuwa dai kasuwa, don nan ne mutanen garin da aka yi wa ƙawanya ba su da zaɓi sai sun fito.

To, a nan maganar Baba take shigowa. Bututun igwa yana iya shekara arba'in yana aiki. Harsashi kuwa sau ɗaya ake cinsa. Mu yi lissafin 'yan kasuwa. Igwa ɗaya mai 120, idan tana harba huɗu kacal a minti, cikin minti goma ta cinye 40, wato kilo 640. Idan shida ne a jere, kusan tan huɗu sun tafi kafin mutum ya gama shan kunu. Jirgin dakon kaya ƙirar Ilyushin-76, wanda ya yi suna a irin wannan safara, yana ɗaukar tan 40 da ɗoriya. Ke nan cikinsa guda igwa shida za su iya lashe shi cikin sa'o'i biyu na wuta ba tsayawa. Garin da aka yi wata goma sha takwas ana yi wa lugude, kamar El Fasher, babban birnin Darfur ta Arewa a Sudan, jirgi nawa da tirela nawa ya ci? Ba a haɗa irin wannan harsashi a maƙera. Yana buƙatar masana'antar narka ƙarfe, ta haɗa nakiya, da ta ƙera kan da ke tayar da shi. Ƙungiyar da ba ta da waɗannan, kuma igwarta ba ta yi shiru ba, wani ne ke cika mata rumbu.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Kayan da aka tsinto daga ƙasashe daban-daban su ma suna ƙara wa igwa makanta. Albarushin da aka haɗa a wannan masana'anta ba ƙarfinsa ɗaya da na waccan ba, wanda ya shekara goma a rumbu mai zafi kuma ba ya tashi kamar sabo. Sojan kirki yana ware harsasai rukuni-rukuni bisa lambar da ke jikinsu. Mayaƙin da aka ɗauko jiya aka ɗora a bayan Land Cruiser, abin da hannunsa ya kai shi yake zurawa. Sakamakon shi ne harbin kan mai uwa da wabi, ko da bai yi niyyar haka ba. Sau da yawa kuma niyyar ce.

Mu 'yan Nijeriya bai kamata a ba mu labarin wannan ba. Lokacin da yaƙinmu ya ɓarke ranar 6 ga Yuli 1967, sojojin tarayya ba su wuce kimanin 10,000 ba, kafin ya ƙare sun doshi 250,000. Masana'antar makamai ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, bindigogi da ƙananan harsasai take yi, ba za ta iya ciyar da wannan taro ba. Amurka ta ƙi sayar wa kowane ɓangare. Ingila ta bayar da motoci masu sulke da harsasai amma ta ja ƙafa a kan jiragen yaƙi, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta juya Mosko, kuma a watan Agusta 1967 jiragen MiG suka sauka a Kano. Daga 1968 ɗan gidan Sarkin Katsina Usman Nagogo, wato Hassan Usman Katsina, shi ne hafsan hafsoshin sojan ƙasa. Matasan hafsoshi irin su Shehu Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari na Daura suna bakin daga. Yaƙin nan ya shiga gidajenmu, ba na wasu can ba ne.

Abin lura shi ne abin da ya faru a ƙarshen 1968. Enugu da Kalaba sun faɗi tun Oktoba 1967, Onica a Maris 1968, Fatakwal a Mayu, Aba da Owerri a Satumba. Biyafara ta rasa teku, ta ƙanƙance, bama-baman gida da suke haɗawa, waɗanda suke kira Ogbunigwe, ba za su riƙe fagen daga su kaɗai ba. Mutane da yawa sun ɗauka yaƙi ya zo ƙarshe. Sai Faransa ta Janar de Gaulle ta buɗe hannu. Makamai suka riƙa bi ta Gabon da Kwaddibuwa, jirage na sauka da dare a Uli, wani yankin titin mota da aka faɗaɗa ya zama filin jirgi. Cikin 'yan watanni Biyafara ta farfaɗo har ta ƙwace Owerri a Afrilu 1969. Makaman ba su kai su ba ta nasara ba, sun dai isa su hana ta faɗuwa. Yaƙi ya ƙara shekara guda da watanni, kuma yunwar da ta kashe ɗimbin yara ta ci gaba da cin su a tsawon lokacin nan. A ƙarshen 1969 manyan igwa masu dogon zango na milimita 122 suka iso wa tarayya daga Sobiyet, Owerri da Uli suka faɗi, aka miƙa wuya a Legas ranar 15 ga Janairu 1970. Ƙiyasin waɗanda suka mutu yana tsakanin rabin miliyan da miliyan biyu, akasarinsu fararen hula.

Babu ɗaya cikin masu bayarwar nan da ya yi don Allah. Ingila tana kallon rijiyoyin man Shell-BP, tana kuma cewa idan ba ta sayar ba Rasha za ta sayar. Sobiyet tana neman wurin sa ƙafa a Afirka ta Yamma. Faransa ba ta son ƙatuwar ƙasa mai jin Ingilishi a tsakiyar tsofaffin 'yan mulkin mallakarta, kuma ba ta manta Nijeriya ta kori jakadanta a 1961 kan gwajin nukiliya a Sahara ba. Ni ɗan Arewa ne, ina gode wa Allah da ƙasar ta zauna ɗaya. Wannan bai hana ni ganin cewa hannuwan waje sun riƙa auna mana wutar ne daidai da bukatarsu.

Sudan ta yau ta maimaita wannan, sai dai abin ya fi muni. Yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan ƙasa ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hamidati. Sudan tana da masana'antar makamai da ta fi ta yawancin ƙasashen Afirka, amma babban rukuninta na Yarmuk a kudancin Khartum ya faɗa hannun RSF tun watannin farko. Daga nan kowa ya miƙa hannu waje. Soja ya samu jirage marasa matuƙa ƙirar Iran da Turkiyya. RSF kuwa, kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na Janairu 2024 akwai ƙamshin gaskiya a zargin cewa jiragen kaya daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna sauke mata makamai a Amdjarass, wani ƙaramin gari a gabashin Cadi. Daular ta musanta, ta ce asibiti da kayan agaji take kaiwa. Amnesty International ta ce ta gano makamai ƙirar Sin, Rasha, Sabiya da Turkiyya a fagen yaƙin. Da me ake biya? Da zinare, wanda mafi yawan abin da Sudan ke fitarwa Dubai yake nufa. Duk wanda ya ga yadda haƙar zinare ta cakuɗe da bindiga a Zamfara ya san irin auren nan.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai na wasu akwatuna ne. A Nuwamba 2024 mayaƙan da ke mara wa soja baya suka tare wani ayari a hamadar Darfur ta Arewa, ta ɓangaren Libiya. A ciki an samu takardun sojojin haya 'yan Kolombiya, da akwatunan harsashin igwar turmi na milimita 81 ƙirar Bulgariya. Kowane harsashi yana ɗauke da lambar rukuni da shekarar da aka yi shi, kamar yadda kwalin magani ke ɗauke da tasa. Da aka bi lambar, Bulgariya ta shaida wa masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya cewa ta sayar da harsasai masu wannan lamba ga Daular Larabawa a 2019, kuma ba ta ba da izinin a wuce da su Sudan ba. Ka dubi tafiyar: an ƙera a Turai, an saya a Gabas ta Tsakiya, an ratsa Libiya, 'yan Kudancin Amurka na rakiya, za a zuba a kan talakan Darfur da bai taɓa jin sunan Bulgariya ba.

Abin da ya kamata ya hana wannan wata takarda ce da mai saye ke sa wa hannu, yana rantsuwa cewa shi zai yi amfani da kayan, ba zai miƙa wa wani ba. Takarda ce kawai. Da wuya mai sayarwa ya bi sawu ya ƙirga akwatunan bayan shekara biyu, musamman idan mai sayen babban abokin ciniki ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Takunkumin makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka sa tun 2004 aka faɗaɗa a 2005, Darfur kaɗai ya shafa, saura ƙasar a buɗe. Yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya ta fara aiki a Disamba 2014, Nijeriya ce ma ta fara tabbatar da ita a Afirka, amma Rasha ba ta ciki, Amurka da Daular Larabawa sun sa hannu ba su tabbatar ba, kuma babu ɗan sandan da ke tilasta ta. Da Sudan ta kai ƙarar Daular a kotun duniya, a Mayu 2025 kotun ta ce ba ta da hurumin saurare. Bayan wata biyar, ranar 26 ga Oktoba 2025, El Fasher ta faɗa hannun RSF, aka shiga kisan da hotunan tauraron ɗan'adam ma suka nuna alamunsa.

Akwai hujjar da ke gefe guda, kuma ba ta banza ba ce. Ana cewa idan aka rufe famfo ga kowa, wanda ya riga ya cika rumbu shi zai ci. Haka aka yi a Bosniya: takunkumin 1991 ya faɗa kan kowa, amma Sabiyawa sun gaji makaman tsohuwar rundunar Yugoslabiya, Musulmin Bosniya suka zauna kusan hannu Rabbana a ƙarƙashin igwa. Mutumin El Fasher da ke kare unguwarsa zai iya cewa ni ma a ba ni. Ina jin wannan magana, ba na raina ta. Amma idan ka duba abin da ke shiga Sudan, ba bindigar tsaron ƙofa ba ce. Igwa ce da jirage marasa matuƙa, makaman da aikinsu shi ne isa cikin garin da ba ka iya shiga da ƙafa. Sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam kusa da El Fasher, inda aka ayyana yunwa a Agusta 2024, bai samu kariya daga jiragen da ke sauka a hamada ba. Lugude ya samu, har aka tarwatsa shi a Afrilu 2025. A ganina duk ƙasar da ta ga inda harsashinta na bara ya faɗa, ta kuma loda na bana, tana da kaso a jinin, ko ba ta aika soja ko ɗaya ba.

Wani zai ce me ya haɗa Bakatsine da wannan. El Fasher tana kan tsohuwar hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa da jaki zuwa aikin hajji. Da yawa ba su ƙarasa ba ko ba su dawo ba, suka zauna. Garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausawa suna Sennar, Jazira, Gadarif da Kassala, yankunan da wasunsu yaƙin ya taka. 'Ya'yanmu da ke karatu a Khartum a motocin bas aka kwaso su a 2023, suka kwana a bakin iyakar Masar. Sa'an nan akwatin harsashi ba ya sanin yaƙi ya ƙare. Rumbunan Gaddafi da suka ɓalle a 2011 sun kwarara ta Sahara, kuma masu bin diddigin makamai sun samu bindigogin da suka fito daga Libiya a hannun 'yan bindiga a Katsina, Zamfara da Kaduna. Mutanen Batsari, Jibiya, Safana da Faskari sun san abin da ƙananan makamai kaɗai suka yi musu. Abin da ake tarawa a Darfur yanzu ya fi wannan nauyi, tsakaninmu da shi kuma Cadi ce da Nijar. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta tsaya ne a igwar turmi mai ƙasa da milimita 100, babbar ba ta cikin lissafinta.

Ko wanda bai fashe ba yana nan yana jira. A kowane lugude akwai harsasan da ke nutsewa cikin yashi ko rufin gida ba su tashi ba, musamman tsofaffin kaya. Tun da soja ya karɓe Khartum a Maris 2025, masu komawa gida suna tarar da su a ɗakuna da makarantu. Wanda aka ajiye ma haɗari ne: ranar 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta, mutum fiye da 1,000 suka rasu, da yawa a cikin magudanar ruwan da suka faɗa wajen gudu. A Oktoba 2017 kuma, a gaban kotun ECOWAS, gwamnatin tarayya ta amince ta biya Naira biliyan 88, biliyan 50 diyya, biliyan 38 don kwashe bama-baman yaƙin basasa da suka rage a gonaki da dazukan Kudu maso Gabas da maƙwabtansu. Shekara 47 ke nan bayan an ajiye makamai.

Na gaya wa Baba wannan adadi wata rana bayan la'asar. Ya shafa cinyarsa ya ce shi har yau bai san ƙasar da ta ƙera ƙarfen da ke jikinsa ba, likitan da ya duba shi a lokacin ya ce cire shi ya fi barinsa haɗari, shi ya sa aka ɗinke a kansa.